Ƙwayoyin barci: Abin da birnin New York ya koya game da haɗarin maganin da likita ke rubutawa

A ranar 22 ga watan Janairun 2008 aka iske gawar Heath Ledger, tauraron fina-finai ɗan asalin Ostireliya, a gidan da yake zaune a unguwar SoHo da ke Manhattan. Shekarunsa 28 a duniya.

Bayan mako biyu, ofishin babban likitan binciken gawa na birnin New York ya bayyana cewa mutuwar ta auku ne bisa tsautsayi, sakamakon haɗuwar magunguna shida a jikinsa. Biyu daga ciki na kashe raɗaɗi ne, wato oxycodone da hydrocodone. Uku na kwantar da hankali da sa barci ne: diazepam da alprazolam da temazepam. Na shida, doxylamine, ana sayar da shi a kanti ba tare da takardar likita ba.

Watanni biyu kafin rasuwarsa, Ledger ya shaida wa jaridar New York Times cewa barcinsa bai wuce na sa'a biyu a dare ba, kuma ko da ya haɗiyi ƙwayar Ambien har biyu, sa'a guda kawai ya samu ya runtsa.

Babu haramtacciyar ƙwaya ko ɗaya a cikin jerin da likitocin suka lissafa. Wannan ne ya sa labarin ya girgiza mutane, domin a gidaje da yawa na birnin da ake wa kirari da cewa ba ya barci, akwai irin waɗannan magunguna ajiye a gefen gado.

Alƙaluman Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, sun nuna cewa a shekarar 2020 kashi 8.4 cikin 100 na manyan mutane a ƙasar suna shan maganin barci kullum ko a mafi yawan ranaku. A tsakanin mata adadin ya kai kashi 10.2, a tsakanin maza kuwa kashi 6.6.

Waɗanne ne ƙwayoyin barci, kuma yaya suke aiki?

Tarihin waɗannan magunguna tarihi ne na neman wanda ya fi na baya sauƙin illa. A farkon ƙarni na 20 aka fara amfani da dangin barbiturate, waɗanda tazarar da ke tsakanin adadin da ke sa barci da wanda ke kashewa ba ta da faɗi. Su ne suka yi ajalin tauraruwa Marilyn Monroe a 1962.

Daga nan sai dangin benzodiazepine suka fito. Masanin harhaɗa magunguna Leo Sternbach ne ya gano su a ɗakin binciken kamfanin Hoffmann-La Roche da ke garin Nutley a jihar New Jersey, tafiya kaɗan daga Manhattan. An fitar da Librium a 1960, sai Valium, wato diazepam, a 1963. Valium ya shafe fiye da shekara goma yana kan gaba a jerin magungunan da aka fi rubutawa a Amurka, kafin a fahimci yadda jiki ke saurin sabawa da shi.

A ƙarshen 1992 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da zolpidem, wanda aka fi sani da Ambien. Zaleplon, wato Sonata, ya biyo baya a 1999, sai eszopiclone, wato Lunesta, a 2004. An tallata su a matsayin waɗanda suka fi na da aminci.

Duk waɗannan rukunoni uku ƙofa ɗaya suke bi. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna GABA wanda aikinsa shi ne rage gudun saƙonni tsakanin jijiyoyi, tamkar birkin mota. Magungunan suna ƙara wa wannan birki ƙarfi. Sai dai ba sashen da ke hana mutum barci kaɗai suke dannewa ba. Suna taɓa sassan da ke kula da tunani da riƙe abu a ƙwaƙwalwa da daidaita tafiya, kuma idan suka yi yawa ko suka haɗu da wani abin maye, suna taɓa numfashi.

Akwai sabon rukuni da ya fara da suvorexant a 2014, wanda ke toshe sinadarin orexin mai sa mutum ya zauna a farke. Shi ma yana iya barin magagi da safe, kuma wasu masu shansa sukan fuskanci abin da Hausawa ke kira dannau, inda mutum zai farka amma ya kasa motsi ko magana na ɗan lokaci.

Amfanin da ake samu ya kai yadda ake zato?

Wani nazari da mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta wallafa a 2012 ya tattara gwaje-gwajen da kamfanoni suka miƙa wa FDA kan zolpidem da 'yan'uwansa. Ya gano cewa masu shan maganin sun riga waɗanda aka bai wa ƙwayar da ba ta ɗauke da komai yin barci da kimanin minti 22.

Ga wanda aka yi wa rasuwa, ko ya shiga wani tashin hankali da ya raba shi da barci kwana da kwanaki, wannan taimako ne na gaske, kuma saboda irin wannan yanayi likitoci ke rubuta maganin na ɗan gajeren lokaci. Matsalar tana farawa ne idan kwanaki suka zama watanni, watanni suka zama shekaru.

Tafiya da tuƙi cikin barci

Illar da ta fi ba da mamaki ita ce mutum ya tashi ya aikata abubuwa alhali bai farka sosai ba, kuma da safe ya kasa tuna komai. An samu waɗanda suka kunna murhu suka yi girki, waɗanda suka buga waya, da waɗanda suka ɗauki makulli suka hau titi da mota.

A ranar 30 ga watan Afrilun 2019, FDA ta umarci a sanya gargaɗinta mafi tsanani, wanda ake zagayewa da baƙin layi a takardar bayanin magani, a kan zolpidem da eszopiclone da zaleplon. Hukumar ta ce ta bibiyi rahotanni 66 da suka taru cikin shekara 26. Mutum 20 sun mutu, 46 sun ji munanan raunuka. Daga cikin musabbaban mutuwar akwai nutsewa a ruwa, faɗowa daga sama, daskarewa a sanyi, shaƙar iska mai guba, da hatsarin mota.

Adadin bai da yawa idan aka kwatanta da miliyoyin masu shan maganin, amma hukumar ta ja hankali kan cewa abin yana iya faruwa ko da mutum ya sha mafi ƙarancin adadi, kuma ko da karonsa na farko ne. Don haka ta ce duk wanda ya taɓa fuskantar haka sau ɗaya ya dakatar da maganin, ya sanar da likitansa, kuma kada a sake ba shi.

Mazauna New York sun ga misalin wannan a shari'ar Kerry Kennedy, 'yar marigayi Sanata Robert F. Kennedy kuma tsohuwar matar tsohon gwamna Andrew Cuomo. A watan Yulin 2012 motarta ta gogi wata babbar mota a babbar hanyar 684 da ke yankin Westchester, arewa da birnin. Gwaji ya nuna akwai zolpidem a jininta. Ta shaida wa kotu cewa kuskure ta yi, ta haɗiyi ƙwayar barcin da safe a maimakon wani magani da take sha kullum, kuma ba ta tuna abin da ya faru a kan hanyar. A watan Fabrairun 2014 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka wanke ta.

Darasin shari'ar ya shafi kowane direba: a dokar jihar New York, tuƙi a cikin mayen magani laifi ne, kuma takardar likita ba ta zama kariya kai tsaye.

Magagin da ke kaiwa har safiya

Ba a kan kowa magani ke barin jiki da sauri iri ɗaya ba. Shekara 20 bayan fitowar Ambien, gwaje-gwajen tuƙi da na jini suka nuna cewa mutane da dama suna wayar gari da ragowar maganin da ya isa ya rage musu kuzari a kan sitiyari, ko da su a ransu suna jin sun wartsake. An fi ganin haka a jikin mata, saboda jikinsu ya fi jinkirin fitar da zolpidem.

Saboda haka a watan Janairun 2013 FDA ta rage adadin da ake ba mata zuwa rabi, daga miligiram 10 zuwa 5, sannan daga miligiram 12.5 zuwa 6.25 ga nau'in da ke narkewa a hankali. Ta kuma shawarci masu shan wannan nau'i na biyu da kada su yi tuƙi washegari. A 2014 ta rage adadin da ake fara bai wa masu shan Lunesta daga miligiram 2 zuwa 1.

Ƙa'idar da ke rubuce a takardar yawancin waɗannan magunguna ita ce kada a sha sai in mutum yana da sa'a bakwai zuwa takwas da zai yi a kwance.

Sabo da wahalar rabuwa

Idan aka daɗe ana danna birkin ƙwaƙwalwa da magani, ita ma sai ta sauya yadda take aiki don ta daidaita. Cikin 'yan makonni ƙwaya ɗaya na iya daina isa. Idan kuma mutum ya bari kwatsam, rashin barcin yakan dawo fiye da yadda yake tun farko, sai ya ɗauka cewa ciwonsa ne ya tsananta, ya koma wa maganin. Da yawa ta haka suke maƙalewa.

Ga wanda ya daɗe yana shan benzodiazepine, yankewa lokaci guda na iya jawo karkarwa, zufa, fargaba, ruɗewa, har da jijjiga irin ta farfaɗiya wadda ke iya kisa. A watan Satumban 2020 FDA ta sabunta gargaɗinta a kan dukkan dangin wannan magani, inda ta ce jiki na iya dogara da shi bayan kwanaki ko makonni na sha a kai a kai, ko da an bi umarnin likita sau da ƙafa. Hanyar rabuwa ita ce ragewa sannu a hankali bisa jagorancin likita, wani lokaci har tsawon watanni.

Haɗari mafi girma: gamin gambiza

Abin da ya faru da Heath Ledger shi ne likitoci suka fi tsoro. Magungunan kashe raɗaɗi dangin opioid, irin su oxycodone da codeine da tramadol, suna rage numfashi ta wata hanya. Ƙwayoyin barci da barasa suna ƙara danne jiki ta tasu hanyar. Idan suka haɗu, mutum yakan yi barcin da numfashinsa ke raguwa har ya tsaya, na kusa da shi kuwa suna jin minshari su ɗauka barci ne mai daɗi. A 2016 FDA ta sanya gargaɗi mai tsanani kan haɗa opioid da benzodiazepine.

A New York akwai ƙarin haɗari a yau. Fiye da mutum 3,000 ne suka mutu a birnin sakamakon shan ƙwayoyi fiye da kima a 2022, haka ma a 2023, kuma an samu fentanyl a jikin mafi yawansu. Hukumar Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi ta Amurka, DEA, ta sha gargaɗi cewa ana buga jabun ƙwayoyi masu kama da Xanax a cusa musu fentanyl. Wanda ya sayi ƙwayar barci a titi ko a intanet ba shi da tabbacin abin da ya haɗiya.

Maganin naloxone da hukumomin lafiya na birnin ke rabawa kyauta yana karya ƙarfin opioid ne, ba ya karya na ƙwayar barci. Duk da haka ana shawartar a yi amfani da shi idan an samu mutum ya kasa farkawa ko numfashinsa ya yi rauni, tun da ba a san abin da ya sha ba, sannan a kira lambar gaggawa ta 911 nan take.

Tsofaffi da masu wasu cututtuka

Da shekaru suka ja, hanta da ƙoda sukan rage saurin tace magani. Dattijon da ya tashi fitsari da tsakar dare cikin jiri yana iya faɗuwa ya karya ƙashin kwatangwalo, raunin da ke kwantar da tsofaffi da yawa har ƙarshen rayuwarsu.

Wani nazari da BMJ ta wallafa a 2005 kan waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama ya gano cewa sai an bai wa mutum 13 maganin kafin ɗaya ya samu ingancin barci a dalilinsa, amma a cikin kowane mutum shida, ɗaya zai gamu da wata illa. Ƙungiyar Likitocin Tsofaffi ta Amurka, mai hedikwata a birnin New York, ta sanya benzodiazepine da dangin zolpidem a jerin magungunan da ya kamata a kauce wa bai wa masu shekara 65 zuwa sama.

Alƙaluman gwamnatin Amurka sun nuna cewa waɗanda aka garzaya da su sashen gaggawa saboda illar zolpidem sun ƙaru daga 6,111 a 2005 zuwa 19,487 a 2010. Kusan biyu bisa uku mata ne, kuma kusan uku bisa huɗu sun kai shekara 45 zuwa sama.

Masu cutar ɗaukewar numfashi a cikin barci, wadda alamarta ita ce minshari mai ƙarfi da shaƙewa, da masu ciwon huhu, da masu juna biyu, da masu fama da ciwon damuwa, duk suna buƙatar su sanar da likita halin da suke ciki kafin a rubuta musu komai.

Matakan da jihar New York ta ɗauka

A watan Janairun 1989 jihar ta wajabta wa likitoci rubuta benzodiazepine a kan takarda ta musamman mai kwafi uku, ɗaya na zuwa hannun gwamnati. Rubuta magungunan ya ragu ƙwarai. Amma masu bincike sun gano cewa wasu likitocin sun koma rubuta tsofaffin magunguna irin su meprobamate da chloral hydrate, waɗanda ba su fi aminci ba. An gudu daga gara, an faɗa wa zago.

A watan Agustan 2013 dokar I-STOP ta fara aiki. Ta tilasta wa likita duba rumbun bayanai na jiha kafin ya rubuta magani mai sa maye, domin ya ga abin da wasu likitoci suka riga suka bai wa majiyyacin. Daga watan Maris na 2016 kuma aka wajabta aika takardar magani ta kwamfuta kai tsaye zuwa kantin magani. Manufar ita ce toshe hanyar da mutum zai bi likitoci uku ya karɓi magunguna uku ba tare da ɗayansu ya san da sauran ba.

Abin da ya shafi 'yan Afirka mazauna birnin

A unguwannin Bronx da Harlem akwai dubban 'yan Afirka ta Yamma, ciki har da masu jin Hausa daga Ghana da Nijar da Najeriya. Da yawansu direbobin tasi ne, ko masu gadi, ko masu kai saƙo, ko masu jinyar tsofaffi a gidaje, ayyukan da ke mayar da dare rana. Wanda ya dawo gida da hantsi, ga hasken rana, ga ƙarar jirgin ƙasa, ga kiran waya daga gida, barci yakan yi masa wuya.

Ga irin waɗannan ma'aikata lissafin sa'o'i yana da muhimmanci. Direban da ya sha ƙwaya ƙarfe ɗaya na dare ya fita aiki ƙarfe shida bai ba ta lokacin barin jikinsa ba. A tsakiyar bazarar New York, lokacin isha'i na kaiwa wajen ƙarfe goma na dare, asuba kuma na shigowa wajen ƙarfe huɗu, tazarar da ba ta kai sa'a bakwai da maganin ke buƙata ba. Wannan abu ne da ya kamata majiyyaci ya faɗa wa likitansa tun kafin a zaɓa masa magani.

Akwai kuma al'adar taimakon juna da magani, inda wanda aka rubuta wa zai ɗebi kaɗan ya bai wa abokin zamansa. Adadin da ya dace da ƙato mai shekara 30 na iya kayar da dattijuwa mai shekara 70. Bayar da irin wannan magani ga wani kuma laifi ne a dokar Amurka. Haka nan flunitrazepam, wanda matasa a arewacin Najeriya ke kira roci, ba a taɓa amincewa da shi a Amurka ba, kuma shiga da shi ƙasar haramun ne.

A gida ma matsalar ba baƙuwa ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya shafi shekarar 2017, ya ƙiyasta cewa kusan mutum 481,000 ne suka sha magungunan kwantar da hankali da sa barci ba bisa umarnin likita ba. Bambancin shi ne a garuruwa da yawa ana iya samun diazepam a kemis ba tare da an nemi takarda ba.

Mece ce mafita?

A 2016 Kwalejin Likitocin Amurka ta ba da shawarar cewa matakin farko ga mai fama da rashin barci na tsawon lokaci shi ne wani tsarin horo na sauya tunani da ɗabi'un barci, wanda ake kira CBT-I. Yawanci zama shida zuwa takwas ake yi da ƙwararre, kuma amfaninsa yakan ɗore bayan an gama.

A ƙarƙashin tsarin, ana koya wa mutum ya riƙa tashi a lokaci ɗaya kowace rana, kada ya hau gado sai barci ya zo, kuma idan ya daɗe yana juyi ya sauka ya zauna a wuri mai ƙarancin haske har sai ya fara gyangyaɗi. Ana rage lokacin da yake ɓatawa a kwance ido biyu, ana kuma taimaka masa ya rabu da fargabar da ke zuwa da tunanin cewa yau ma ba zai yi barci ba. Kofi da shayi mai kauri da lemun ƙara kuzari da goro duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda ke daɗewa sa'o'i a jiki, don haka ana so a bar su tun da rana.

Sau da yawa kuma rashin barci alama ce ta wani abu dabam: ciwon jiki, damuwa, bashi, kewar gida, ko cutar ɗaukewar numfashi. Idan ba a gano tushen ba, ƙwaya rufe shi kawai take yi.

Ga wanda likita ya ga dacewar ba shi maganin, akwai tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya bar ɗakin: kwana nawa zai sha, mene ne mafi ƙarancin adadin da zai wadatar, ko zai iya tuƙi da safe, ko maganin zai yi karo da sauran da yake sha, da kuma yadda za a janye shi idan lokaci ya yi. Yana da kyau ya je da dukkan magungunansa a jaka, har da na gargajiya da waɗanda ya saya a kanti, sannan ya sanar da mutanen gidansa abin da yake sha, domin su ne za su fara ganin ya tashi yana yawo cikin dare alhali shi bai sani ba.